Tambarina a Shafi na Arba'in da Ɗaya

'Yata ta sa hoton aikina a cikin littafi, ta nuna wa duniya cewa ga yadda ba a haɗa ƙofa.

Ni kafinta ne. Shekara arba'in da shida ina haɗa ƙofa da taga a shago ɗaya, a layin da ke bayan garejin motoci. Aji uku na yi a makaranta na fita. Ina karatu a hankali, ina rubuta awo da fensir a jikin katako. Turanci kuwa, in ka cire inci, ba abin da na sani.

Ina da tambari. Maƙwabcina mai walda, wanda duk layin ke kira Tartsatsi, shi ya ƙera min shi tun kanmu bai yi furfura ba: zane uku a tsaye, ɗaya a kwance ya ratsa su. In na gama ƙofa sai in sa ƙarfen a wuta, in manna shi a kusurwar ƙasa, daidai kan haɗin. Ta nan ƙofa ke fara mutuwa, shi ya sa na zaɓi wurin. Ma'anarsa ita ce, in nan ya buɗe, ga wanda za ka nema. Ba wanda ya taɓa nemana.

Autata malama ce a makarantar koyon sana'a. A ƙarƙashin teburin aikina ta yi rarrafe, garin katako ta ci kafin ta san ɗanɗanon sukari. Wata safiya ta shigo shago da jaka a kafaɗa.

"Baba, taimako nake so."

"In kujerar ofis ce ta karye, ku mayar wa wanda ya sayar muku."

"Ba kujera ba ce. Littafi nake rubutawa don ɗalibai. Ina so ka yi min kusurwar ƙofa guda biyu, ƙanana, kamar tsawon hannu. Ɗaya yadda ake yi, ɗaya yadda ba a yi. In ɗauki hotonsu in jera, ɗalibi ya gani da idonsa."

"Ban iya mugun aiki ba."

"Haba Baba. Kai da ba ka wuce ƙofar mutane ba ka zage ta ba?"

Tartsatsi yana jinmu ta bangon kwano. Ya leƙo da tabarau a goshi ya ce, "Auta, ki rabu da shi. Ya yi miki guda biyu yadda ya saba, ki zaɓi ko wanne ki ce shi ne mugun. Ba wanda zai gane."

"Koma kan ƙarfenka, mai jan ido," na ce.

"To, Gara. A ci katako lafiya."

Gara yake kirana tun muna samari. Na yarda zan yi. Uba ba ya hana 'yarsa abin da bai fi aikin yini ɗaya ba.

Mai kyan bai ɗauke ni awa biyu ba. Busasshen katako, na huda rami a ɗaya, na fitar da harshe a ɗayan, suka shiga juna har ba ka iya cusa reza a tsakani. Mugun ne ya ba ni wahala. Hannuna ya riƙa gyara shi da kansa, ina hana shi. Na nemo ɗanyen katako. Ban yi rami ba, ban yi harshe ba, na haɗa baki da baki na danna ƙusa uku a karkace. Na cike ɓarakar da gam da garin katako, yadda 'yan gaggawa ke yi don su rufe idon mai saye. Na ajiye shi a rana kwana uku har ya buɗe baki. Duk ha'incin da na gani a shekara arba'in na zuba a cikin wannan guntun katako. Ba zan ɓoye ba, da na kalle shi na ji daɗi. Ko mugun aiki ne, na fi su iyawa.

Ranar da za ta zo karɓa ina da ƙofa huɗu da zan manna wa tambari. Ƙarfe ya yi ja. Na manna wa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu. Na manna wa kusurwa mai kyau. Hannuna bai tsaya ba. Sai da hayaƙi ya tashi daga mugun na ga abin da na yi.

Tana shigowa na ce, "Wannan na manna masa tambari bisa kuskure. Ki ba ni minti goma in kankare."

"Baba, mota na jirana, mai hoto zai tashi. Ba komai, ba zai fito ba."

Ta cusa su a jaka ta tafi. Na bar ta. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa cewa ba nawa ba ne.

Bayan shekara littafi ya fito. Ta kawo mana ɗaya gida. Uwarta ta naɗe shi a kyalle ta sa a saman kabad. Ban buɗe ba. Me zan karanta a ciki?

Aka ƙara shekara uku. Idona ya fara hazo, hannun dama yana rawa da safe kafin ya zauna. Sai ga ɗan kwangilar da muka shekara ashirin muna aiki tare.

"Baba Kafinta, na zo maka da babba. Masaukin baƙi ne ake ginawa, ƙofa talatin da biyu. Na ce musu in katako ne ai akwai mai shi."

Na san shi ne babban aikina na ƙarshe. Na ce a raina, in na gama wannan sai in rataye zarto, in bar ƙofa talatin da biyu a gini ɗaya, kowace da tambarina, duk wanda ya kwana a wurin ya buɗe aikina ya rufe. Abin da nake so ke nan.

Ya ce in fara haɗa guda ɗaya a kai wa injiniyan masu ginin ya duba. Na haɗa. Muka ɗora ta a bayan mota muka kai.

Ofishin injiniyan ɗaki ne na katako a gefen ginin, da fanka da teburi cike da takardu. Matashi ne, bai kai Auta shekaru ba. Ya gaishe ni da ladabi. Ya shafa ƙofar, ya ƙwanƙwasa, ya ɗora awo a kusurwoyi. Sai ya tsuguna ya duba ta ƙasa. Ya daɗe a tsugune. Ya ɗago yana ƙoƙarin danne dariya.

"Baba, wannan alamar taka ce?"

"Tawa ce."

Ya jawo wani littafi daga ƙarƙashin takardu. Na gane bangonsa, irinsa ne a saman kabad ɗinmu. Bai nemi shafi ba, littafin da kansa ya buɗe a wurin, alamar an saba buɗe shi nan. Shafi na arba'in da ɗaya. Hoto ya cike rabin shafin: mugun haɗina da bakinsa a buɗe, ƙusoshi a karkace, an ja masa jan gicciye a gefe. A tsakiyar hoton, fes kamar an wanke, zane uku a tsaye, ɗaya a kwance.

"Duk wanda ya yi kwas a shekarun nan ya san hoton nan," in ji shi. "Har jarrabawa an yi mana a kansa. Aka ce mu lissafa kurakurai biyar. Mu 'haɗin zane uku' muke ce wa duk aikin banza."

Ɗan kwangila ya kalli hoton, ya kalle ni, ya kau da kai.

Na duba ɗaya shafin ina neman mai kyan. Babu shi. Wani zane ne na na'ura a wurin, layuka da kibiyoyi.

Na ce, "Yaro, akwai babbar guduma a ginin nan?"

"Akwai."

"A kawo."

Aka kira wani lebura ƙato. Na kwantar da ƙofar a kan bulo biyu na ce ya daki kusurwar. Ya daka sau ɗaya yana jin tsoro. Na ce ya daka da ƙarfi, ba ƙofar gidansu ba ce. Ya daka sau shida. Katakon ya tsage a gefe, haɗin bai motsa ba.

Injiniya ya daina dariya. Ya ce, "Aiki ya yi, Baba, ba ƙarya. Amma ba ni kaɗai ke dubawa ba. Akwai masu zuwa bayana, kuma duk littafin nan suka karanta. Ku ba ni lokaci."

Na bar musu ƙofar a wurin. Ban hau motar ɗan kwangila ba, da ƙafa na koma.

A gida na sauko da littafin daga kabad na buɗe wa uwar yara. Ta goge hannu a zani ta karɓa.

"Kai, ga tambarinka! Ashe har da kai a ciki."

"Dubi jan gicciyen."

Ta duba. Sannan ta ce, "Malam, ka bi ta a hankali. Ba da gangan ta yi ba."

"Na ce da gangan ta yi?"

"Ba ka ce ba. Fuskarka ta ce."

Washegari na je makarantarsu. Ban taɓa shiga ba. Aka nuna min ofishinta a bene na biyu. Ƙofar ofishin a buɗe take, an tokare ta da guntun katako don kada iska ta rufe. Na sunkuya na duba. Kusurwata mai kyau ce, duk ta yi ƙura, takalma sun goge mata gefe. Mugun kuwa yana kan kantar littattafai a bayan kujerarta, ya yi sheƙi saboda yawan hannun da ya taɓa shi.

Ta miƙe da sauri. "Baba! Lafiya? Wani abu ya sami Mama?"

Na ajiye littafin a buɗe a kan teburinta. Na ɗora yatsa a layin Turancin da ke ƙarƙashin hoton. "Karanta min."

Ta karanta.

"Fassara."

"Cewa aka yi wannan misali ne na haɗin da bai yi ba. Ka ga wannan kalmar ta farko?" Ta zaro fensirin da ke bayan kunnena, kamar yadda take yi tun tana ƙarama, ta rubuta min ita da manyan baƙaƙe a gefen shafin: illustrative. "Ni na dage sai an sa ta. Kalma ce da ake siffanta abu da ita in an kawo shi don a fahimtar da mutum ta hanyar misali. Hoto, ko labari, ko lissafi. In an ce abu illustrative ne, ana nufin an kawo shi ne don bayani ya fito fili. Ba ana cewa wani ya yi wa wani wannan aikin ba ne. Duk mai karatu ya san haka."

"Kalmar ta ce ni na yi shi da gangan?"

"Ba ta ce ba, amma..."

"Ta ce 'yata ce ta roƙe ni?"

"Baba, ba a rubuta irin wannan a ƙarƙashin hoto."

"Ina mai kyan?"

"Masu buga littafin ne suka cire. Suka ce zanen na'ura ya fi nuna cikin haɗin, kuma shafi ba ya ɗaukar hoto biyu. Na yi musu magana."

"Mugun fa, na'ura ba ta iya zana shi ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Sun ce naka ya fi kama da gaske."

"Kafin a buga, an nuna miki shafin?"

"An nuna min."

"Kin ga tambarin?"

Da ta ce ba ta gani ba, da na tashi na tafi, da ya wuce. Amma ban koya mata ƙarya ba.

"Na gani. Na ɗauka ba komai. Ƙaramin abu ne, Baba, kuma ga kalmar nan a ƙasa tana bayani."

Ƙaramin abu. Yarinyar da nake ɗauka a hannu tana ƙarama ta hura wa ƙarfen wuta.

Na ce, "Ni ma da misali nake koyarwa. Duk wanda ya koyi aiki a hannuna ban taɓa yi masa dogon bayani ba, nuna masa nake yi. Amma in na nuna mugun, ina tsaye a wurin, mai kyan yana ɗaya hannuna. Ke kin aika mugun shi kaɗai ya zaga duniya, kin haɗa shi da kalma guda ta yi masa rakiya. Ɗalibanki hoto suke kalla. Har suna suka sa min."

"Wane suna?"

"Tambayi ajinki."

Ta sani. Na gani a idonta. Na ɗauki littafina. A bakin ƙofa na zare kusurwata mai kyau daga ƙasa na sa a hammata. Iska ta rufe ƙofar a bayana.

Magana ba ta kwana a layinmu. Leburan da ya daki ƙofa yana da ɗan'uwa a gareji. Kafin sati ya zagayo, masu gyaran mota na ɗaga min yatsa uku in na wuce. Wani kafinta a ƙarshen layi, wanda na taɓa kora daga shagona saboda yana cike rami da gam, ya sayi littafin ya ajiye a kan teburinsa don masu zuwa sayen ƙofa.

Tartsatsi ya shigo da kofin shayi biyu.

"Gara, ashe ka zama malamin jami'a ba mu sani ba. A ba mu hannu mu gaisa."

Ya zauna a kan buhun garin katako ya kalli ƙarfen tambarin da ke rataye a ƙusa.

"In ƙera maka wani? Zane huɗu. Ko tauraro. Yau ɗin nan in gama."

"Ƙofofin da na yi a shekara arba'in fa? In bi gida gida in canza musu?"

"To ai shi ke nan." Ya kurɓi shayi. "Ni dai da 'yata ce ta sa ni a littafi, ko a matsayin ɓarawo ne, sai na yi walima. Tawa ko wasiƙa ba ta rubuta min."

Ya so in yi dariya. Na sha shayin dai.

Bayan kwana goma, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar shago. Ɗan kwangila ya fito, Auta ta fito ta ɗaya gefen. Ina goge wata taga da samfefa. Ban ajiye ba.

Ta durƙusa ta gaishe ni. Idonta ya faɗa, da gani ba ta barci sosai.

"Baba, na je na sami injiniyan da kaina. Na faɗa masa komai, yadda na roƙe ka da yadda aka yi. Ya fahimta, har ya ce in ba ka haƙuri. Na kuma rubuta wa masu buga littafin. Sun yarda in za a sake bugawa za su goge tambarin daga hoton."

"Yaushe?"

"In waɗannan sun ƙare. Shekara biyu, ko uku."

Ɗan kwangila ya karɓe. "Abin da ya fi muhimmanci, Baba Kafinta, aiki na nan. Talatin da biyun duka naka ne, ba a rage ko ɗaya ba. Injiniya ya ce bai taɓa ganin haɗi irin naka ba. Abu ɗaya kawai ya roƙa."

Na ci gaba da goge tagar.

"Ya ce a bar alamar. Masu zuwa duba ginin in sun gan ta za su fara surutu, shi kuma sabo ne a wurin aiki, ba ya son dogon bayani. Ka yi ƙofofinka yadda ka saba, kada dai ka manna ƙarfen. Shi ke nan."

"In ta buɗe, wa za su nema?"

"Ai ba za ta buɗe ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"To ni za su nema. Sunan kamfanina ne a takarda."

"Ka taɓa riƙe zarto?"

Ya yi 'yar dariya. "Baba, kada ka sa zuciya. Ko ka manna a saman ƙofar, can inda ba a gani. Ba wanda zai hau tsani ya leƙa."

Tartsatsi ya kashe injinsa. Layin ya yi tsit, na san yana saurare ta bango.

Auta ta matso. "Baba, don Allah. Ƙofar ita ce aikin, ba tambarin ba. Za ta tsaya shekara hamsin ko da shi ko babu shi. Ka sha faɗa wa Mama da wannan kake so ka rufe. Ni na ɓata, ka bar ni in gyara iya abin da zan iya."

Na kalle ta. Ta yi iya ƙoƙarinta, na sani. Ta hau mota ta je ta ƙasƙantar da kanta a gaban yaron da bai kai ta ba. Abin da ta samo min shi ne izinin in ɓuya. Mugun aikin da na yi sau ɗaya a rayuwata yana yawo da tambarina a hannun ɗalibai, masu kyau talatin da biyu kuma in sake su ba uba.

Na ajiye samfefa. Na ciro ƙarfen daga ƙusa, na goge masa ƙura da gefen rigata, na mayar da shi inda yake.

Ɗan kwangila ya duba agogo. "Katako zai iso jibi. In ce a sauke a nan?"

"Kada a sauke."

"Baba," in ji Auta.

"Ƙofar da ba zan manna wa tambarina a kan haɗi ba, ba na yin ta. Ku kai wa wani. Ba zan yi ba."